A Bayan Yaya Har Duwatsun Jos

Juma'a, fita daga birni

Muna idar da sallar asuba a masallacin ƙofar gidanmu, nan Ƙofar Kuyambana, a-kori-kurar da muka ɗauko shata ta iso. Gari bai waye ba tukuna. An kwana ana yayyafi, lunguna sai ƙamshin jiƙaƙƙen ginin ƙasa. Direban, wani mutumin Tudun Jukun da ake kira Ɗan'azumi, ya haska fitila a kan kekuna biyu da ke jingine a zaure, ya dube mu, ya sake duban kekunan.

"Alhaji, ina 'yan tseren?"

Na ce, "Ga mu a gabanka."

Ya ce, "Allah Ya ba da sa'a." Ya juya mana baya yana ɗaure igiya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Bari in faɗi ko mu su wane ne. Ni Salihu, na haura sittin, kuma rabin shekarun a kan hanya na cinye su. Fataucin goro da fata ya kai ni Kumasi da Abijan, na zauna Injamena tun ana kiranta da tsohon sunanta, na bi ta Sudan na je Makka ta ƙasa. A can na tsinto Larabci da Faransanci da ɗan Turancin ciniki. Wana kuwa, Yaya Haruna, ya ba ni shekara biyar, kuma iyakar tafiyarsa Kano da Kaduna. Maɗinkin hannu ne, irin waɗanda ake kawo wa babbar riga daga nesa don ɗinkin aska takwas. Allura ta ci masa ido a hankali har ya ajiye ta. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiya ce ta gaji.

Abin da ya rage masa shi ne keke. Ni na kawo mana guda biyu daga Kwatano, irin na hawa dutse, masu kaurin taya da giya barkatai. Kullum safiya yakan hau nasa ya fita ta ƙofar gari zuwa gonarsa a gindin Kufena. In ina gari na bi shi, in ba na nan ya tafi shi kaɗai. Da daminar nan ta yi nisa sai ya faɗa kwata, ya dawo da jini a goshi. Babban ɗansa Bashir, ma'aikaci a Kaduna, ya zo ya durƙusa a gabana.

"Baffa, kai kaɗai yake saurara. Ka roƙe shi ya ajiye keken nan."

Na kai saƙo. A makon ne kuma wani tsohon abokina ya aiko mini da labarin cewa za a yi tseren keke a duwatsun bayan Jos, na masu sha'awa kawai, kowa na iya shiga. Yaya ya haɗa maganganun biyu ya yanke hukunci. Da yake ba ya faɗin sunan ɗan fari, sai ya ce, "Gaya wa yaron nan, zan shiga tseren. In na kai ƙarshe, a ƙyale ni da kekena. In ban kai ba, ni da hannuna zan miƙa masa." Bashir ya so ya yi gardama, na ce ya bari, ina tare da mahaifinsa.

Wani abu kuma da ya kamata mai karatu ya sani: a gidanmu ƙane ba ya shiga gaban wansa a hanya. Haka muka taso. Ko masallaci za mu, ko kasuwa, ko jana'iza, yana gaba ina biye. Na san ƙeyar Yaya fiye da yadda na san fuskarsa.

Daga Zariya zuwa Saminaka

Yaya ya zauna wajen taga, ni a tsakiya. Muka bar rimayen birni a baya suna tsaye cikin duhu kamar dattawan da suka yi rakiya suka ƙi komawa. Kafin Soba rana ta ɓullo. Dawa ta fitar da kai dama da hagu, hazon ruwa na kwance a kan fadamu, shanun Fulani na tafe a cikinsa ba a ganin ƙafafunsu. Na ga irin wannan safiya a hanyar Garwa, amma can ƙasar ta fi ja, kuma zuciyata ba ta kwanta haka ba. Yaya ya sa fuskarsa a iska, ido a lumshe.

"An yi masara bana," ya ce.

Ɗan'azumi ya ce, "Baba, dawa ce."

"Ƙamshin masara nake ji. Kai dai ka kula da titi."

Ba mu yi nisa ba kuwa sai ga gonakin masara.

Bayan Pambeguwa muka tarar da shingen sojoji. Wani kofur ya zagaya bayan mota, ya latsa tayar keke da yatsa, ya dawo.

"Baba, kasuwa za a kai su?"

Yaya ya ce, "Tsere za mu."

Kofur ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ji da kunnensa. "To a cikinku wa zai zo na ɗaya?"

"Ni mana. Wannan ƙanena ne, ba shi da izinin wuce ni."

Suka yi dariya har ɗayan ya dafa mota. Aka ɗage mana katako ba a tambayi ko na goro ba.

A Saminaka muka karya kumallo da waina da miyar taushe a rumfar wata mata, muka bi da shayi mai citta. Daga nan duwatsu suka fara leƙowa, shuɗaye, can nesa. Bayan Jengre hanya ta soma hawa, mota na nishi, iska ta sauya ta yi sanyi kamar an buɗe randa. Yaya ya ja mayafinsa ya ce, "Yanzu na san na bar gida."

Jos

Mun sami sallar Juma'a a cikin gari, sannan muka wuce ƙauyen abokina Pam. Mutumin Birom ne, Kirista, tsohon direban babbar mota da ya yi shekaru yana ɗaukar mini kaya. Gidansa na cikin shingen ƙerana, da dutse a bayansa wanda ya fi gidan girma sau uku. Matarsa ta share mana ɗaki, ta shimfiɗa tabarma ta fuskanci gabas, ta ajiye buta ba tare da an tambaye ta ba. Da yamma ta kawo gwaten acca mai zafi da dankalin Turawa. Yaya bai taɓa cin gwate ba. Ya yi loma uku, sannan ya ce, "Wannan tuwo ne da ya fasa zama tuwo." Amma ya miƙa kwano aka ƙara.

Pam ya zayyana mana hanyar da sanda a ƙasa. Kilomita ashirin da 'yan kai, ta cikin gonaki, a hau dutse, a gangaro, a ƙetare rafi, a ƙare a filin wata makarantar firamare. An ɗaɗɗaura jajayen ƙyallaye a kan sanduna don nuna hanya.

"Abu ɗaya," in ji shi. "Wajen gangara akwai tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka cika da ruwa. Ba su da gindi. In kun bi ja ba ruwanku da su."

Yaya ya ce, "Ja ai ba ya ɓuya."

Pam ya dube ni. Na dubi ƙasa.

Asabar, tsere

Da hantsi muka isa wurin tashi. Mutane sun kai hamsin: malaman jami'a, ɗalibai, ma'aikatan asibiti, da Turawa 'yan kaɗan masu huluna kamar ɓarin ƙwarya da wanduna da suka manne musu a jiki. Na ga tseren keke a Wagadugu, inda gari duka ke fitowa bakin titi da ganguna. Wannan ba haka yake ba. Kamar taron suna ne, kowa ya san kowa, ana aron famfo, ana tsokanar juna.

Wata Baturiya ce ke raba lambobi. Da na ji harshenta sai na gaishe ta da Faransanci, ta yi farin ciki kamar ta ga kawunta. Ta tambayi shekarun Yaya, na faɗa mata. Ta ce in tambaye shi ko yana da ciwon zuciya.

Yaya ya ce, "Ce mata 'ya'ya tara gare ni. Wanda ke da tara ai ya saba."

Muka cusa jamfofinmu cikin wando, muka ɗaure ƙafafun wandon da roba, muka danna huluna. Tawa jamfar fara ce, tasa shuɗiya. Aka busa usur. Kafin mu daidaita a kan sirdi matasa sun ɓace, sai ƙarar sarƙoƙinsu da ta rage a iska.

Farkon hanyar mai faɗi ce, tsakanin shingayen ƙerana, kuma ƙafafun Yaya ƙafafun manomi ne. Yana gaba, ina baya da kamar tsawon keke biyu, ina ce masa, "Hagu, Yaya." "Dama kaɗan." "Ga dutse." Shi kuwa ba wanda ya wuce bai gaisar ba. Mata masu itace a kafaɗa, "Sannunku da aiki." Tsoho a gonar acca, "Barka da hantsi, ya amfanin gona?" Har ya rage gudu ya jira amsa. Wani ɗalibi da tayarsa ta yi faci, sai da Yaya ya tsaya ya yi masa jaje kamar an yi rasuwa.

Sai muka fara hawa. Nan na ga abin da ban gani ba a duk yawona. Duwatsu ne manya-manya, an ɗora wani a kan wani, ƙato a kan ƙarami, ba abin da ya riƙe su sai ikon Allah. Na bi hanyar Ɗa'ifa, duwatsun can tsirara suke, masu fushi. Waɗannan kuwa ciyawa ta lulluɓe su, furanni rawaya sun fito ta tsagoginsu, gajimare ya sauko yana yawo a tsakaninsu kamar tumaki. Muka shiga cikinsa. Sauti ya mutu. Ba na jin komai sai numfashina da kukan wani tsuntsu da ban san sunansa da kowane harshe ba. Bayan Yaya na ɓacewa yana dawowa, har na fara ganin kamar ba yau ba ce, kamar muna yara ne ya goya ni a keken babanmu muna gangarowa daga ganuwa, ina riƙe da rigarsa.

Gangara ce ta farkar da ni. Hanya ta tsuke, ta koma ta awaki, kekuna suka ɗauki gudu da kansu. Ina kiran hagu da dama, amma iska na kwashe maganar ta mayar mini. Can na hango jan ƙyalle inda hanya ta karya hagu. Yaya ya wuce shi ya miƙe sak.

"Yaya, hagu! Hagu!"

Bai ji ba. Gabansa hazo ya buɗe, sai ga ruwa shimfiɗe, kore shar, ko motsi ba ya yi.

"Birki! Yaya, birki!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Ya damƙe birki, tayar baya ta ja gefe, ya zube cikin ciyawa. Tsakaninsa da bakin ramin bai fi taku biyu ba. Na yar da kekena na isa gare shi. Gwiwar hannunsa ta goge, ban da haka lafiya lau. Ya tashi zaune yana kaɗe riga, ransa a ɓace.

"Mene ne na ihu kamar ka ga kura? Ga fili mai kyau a gabana, da na miƙe abina."

Na ɗauki dutse na jefa. Muka ji ya faɗa, tsulum, da irin sautin da ruwa mai zurfi kaɗai ke yi.

Hazo ya rufe ruwan, ya sake buɗe shi. Wata balbela ta ƙetare, inuwarta na bin ta a ƙasa.

"Salihu."

"Na'am, Yaya."

"Jan ƙyallen nan da ake faɗa, tun da muka tashi ban ga ko ɗaya ba."

Na ce, "Mu tura su a ƙasa mu koma. Ba wanda zai ga laifinka."

"In na koma na miƙa keke. In na miƙa keke, sai zaure. Ka san abin da zaure ke yi wa tsoho." Ya juyo gare ni. "Tsaya can. Ƙara matsawa. To, ka ga duk duniyar nan, haske ne da duhu a wurina. Amma rigarka ina ganinta sarai."

Na gane inda ya dosa.

"Wuce gaba," ya ce.

"Yaya, ni?"

"Akwai wani mai farar riga a nan?"

"Ban taɓa ba."

"Na sani. Baba ya rasu, Inna ta rasu. Wa ya rage da zai ce ba ka da kunya? Ni ne. Ni kuwa na ce ka wuce."

Muka tura kekuna muka koma inda ƙyallen yake. Na hau. Na ƙetare sahara, na shiga jirgin ruwa a Bahar Maliya, amma ko'ina akwai wani a gaba, madugu ko direba ko matuƙi. Yau ba kowa a gabana sai hanya, kuma duk inda na sa taya, nan wana zai sa tasa. Na zaɓi gefen da ba tsakuwa. Na kauce wa kowane rami tun daga nesa, a hankali, don farin ya karkata a idonsa kafin ya iso. Na so in waiwaya, na tuna in na juya zan karkatar da shi, sai na haƙura. Da kunne na riƙa ganinsa: ƙarar sarƙarsa, numfashinsa, da salatin da yake ja ƙasa-ƙasa yadda yakan yi in yana ɗinki.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Mun ratsa kurmin itatuwan turare, ƙamshinsu ya cika mana ƙirji. Mun bi ta gefen wani ƙauye, yara suka biyo mu da gudu suna kiran "Baba! Baba!" har suka gaji. A rafi muka sauka, ruwan sanyi ƙarara har gwiwa, na saɓa kekena, ya dafa kafaɗata da hannu ɗaya yana jan nasa da ɗayan. A tsakiyar ruwan hulata ta karkace, hannunsa ya taɓa ƙeyata, ya ce, "Ashe haka kake da sanƙo a ƙeya? Shekara nawa kana ɓoye mini?"

Na ce, "Ai ba ka taɓa bin bayana ba."

Rana ta karkata sosai lokacin da na hango rufin makarantar. An riga an raba kyaututtuka, wasu har sun ɗora kekunansu a mota. Pam ne ya fara ganinmu. Ya cire hula yana kaɗawa, mutane suka juyo, aka fara tafi, aka sake miƙe igiyar ƙarshen tsere da aka riga aka naɗe. Da muka kusa sai na rage gudu na ja gefe, don Yaya ya shiga kafin ni yadda ya dace.

"Me kake yi?" na ji daga baya.

"Wuce, Yaya, ga ƙarshen."

"In ka ja birki zan hau ka! Ba na ganin ƙarshen komai, kai nake gani. Tuƙa, ɗan banza!"

Haka na shiga gaban wana a bainar jama'a, shi ya zo na ƙarshe, ni na kusa da na ƙarshe. Baturiyar nan ta kawo mana lemo a yanke, idonta ya yi ja. Yaya ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar kekensa yana tsotsa, yana murmushi shi kaɗai. Pam ya tsuguna kusa da ni ya ce a hankali, "Na ga wanda ke gaba." Na ce, "Ka gani."

Lahadi, komawa

Mun yi sallama da Pam da matarsa da sassafe, ta cika mana buhu da dankali da kabeji. Jikina duk tsami, kamar an daka ni a turmi. Yaya ya yi barci tun daga Jengre, kansa a kafaɗata. A shingen Pambeguwa wasu sojojin ne daban, ba su tambayi komai ba, na ji daɗin haka. Ana kiran la'asar muka shigo Ƙofar Kuyambana.

Bashir na zaure yana jira, da alama tun safe. Ya gaishe mu, idonsa na kan ƙyallen da ke ɗaure a gwiwar hannun mahaifinsa. Yaya ya zauna a kan buzunsa, ya sha ruwa, sannan ya fuskance ni.

"Gaya wa yaron nan na kai ƙarshe."

Na ce, "Ya kai. Ina wurin."

Bashir ya sunkuyar da kai. "Alhamdu lillahi. Alkawari ne, Baba. Magana ta ƙare."

Ni dai na yi niyyar in bar ta a nan. Yaya ne ya ce, "Ba ta ƙare ba. Gaya masa kuma saura taku biyu in shiga ruwan da ba a fitowa. Gaya masa da idon wani na kai." Ya numfasa. "Keke yana nan, na ci abina. Amma daga yau ba zai fita zauren nan ba sai wannan yana gabana."

Bashir ya ɗago. "Baffa? Baffan da ba ya cika wata biyu a gari?"

"Ya ga Kumasi, ya ga Makka. Me ya rage masa? Jagoranci a hanyar gona ne bai taɓa yi ba."

Su biyun suka juyo gare ni, suna jirana. Ina da mutane a Kumasi da suka san ina zuwa bayan kaka. Ina da ɗaki a Kwatano da ba a ba kowa saboda ni. Na ji ƙamshin tashoshin mota da asuba, na ji harsunan nan duka suna kirana, kowanne da muryar wani aboki. A waje wata akuya ta wuce, ladanin unguwa ya yi gyaran murya zai ta da iƙama.

Na ce, "Gobe bayan asuba za mu fita, ko sai rana ta ɗaga?"

Yaya ya ce, "Sai ta ɗaga. Ni ba gaggawa nake yi ba."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu da ƙafafunmu. Allah Ya saka wa Pam da iyalinsa, Ya kiyaye Ɗan'azumi a kan hanya, ko da yake har yau in ya gan mu sai kafaɗunsa sun yi rawa. Ku kuma mutanen birni, duk wanda ya ga tsofaffi biyu da hantsi sun nufi Kufena, ƙane a gaba wa a baya, kada ya ce tarbiyya ta lalace a gidanmu. Umarni nake bi.